Tsagagi a Ramin Kuza

Ramin nan ba ruwa ya haƙa shi ba.
Kakana Barau ya haƙa, shi da wasu ɗaruruwa,
da diga, da kwanon ɗauka, da tari a ƙirji.
Kamfani ya kwashe kuza ya hau jirgi,
ya bar mana ƙasa da baki a buɗe.
Damina ta cika shi, ta dawo ta ƙara,
har muka manta rami ne, muka ce tafki.

A gefensa nake ban ruwa, bayan Bukuru:
kabeji kunya sha ɗaya, karas kunya shida,
da injin da ba ya tashi sai da lallashi.
Ran Talata, ina jan igiyarsa karo na tara,
sai inuwa ta gifta kan latas.

Su biyar. Suka sauka ba sallama.
Farare, gefen fiffike kamar an tsoma a tawada,
fuska ja, baki dogo ruwan ɗorawa,
ƙafafu kamar karan da aka manta a gona.
Chollom ya jingina fartanya daga nasa ɓangaren.
"Shamuwa ce?"
Na ce shamuwa baƙa ce, kuma ba ta san rani ba.
Tsagagi ne. Rabona da shi
tun ina riƙe wa Inna sabulu a bakin ruwan nan.

Zalɓe mai mashi ne: ya tsaya, ya auna, ya soka.
Balbela kuwa abin da kofato ya tayar take ci.
Shi wannan ba ya dubawa.
Sai ya tsoma baki a buɗe
cikin ruwan da ido ba ya ratsawa,
ya dama laka da ƙafa ɗaya,
ya miƙa fiffike guda ya yi wa ruwa rumfa,
ya jira abin da zai taɓa shi.

Na san wannan tsayuwar.
Haka Kaneng, uwar Chollom, ke tsayawa a nan,
zane a ɗage, ruwa ya kai ƙwauri,
tana juya ƙwarya, tana juya ƙwarya,
yashi na zubewa, baƙin na kwantawa a gindi.
Ba ta kallon ƙwaryar.
Hannu ke gani, in ji ta.
Awon yini guda, gwangwanin madara,
wanda wataƙila da kuzarta aka shafe shi.
Sanyi ya shiga ƙashinta bai fita ba.

Ban faɗa wa Chollom ba.
Na dai ga ya daɗe bai ɗauki fartanyar ba.

Tsuntsayen ba su wuce taku bakwai daga gaɓa ba.
Wa ya gaya musu?
Daga nan ƙasa ke yankewa, ta faɗa gaba ashirin.
A nan ƙaninsa Dachung ya bi ƙwallo,
shekarar da aka yi ƙanƙara,
muka kwana uku da gora da igiya.
Mu da aka haifa a nan sai da aka koya mana da gawa.
Su da ƙafa suka karanta.

Rana ta ɗaga. Ganye ya fara sunkuyawa.
Chollom ya ce, "Kabeji bai san baƙo ba."
Gaskiya ce. Dillalin Farin Gada ma bai san shi ba.
Na naɗe igiya, ina fatan ya ƙi.

Ja ɗaya, ya tashi.
Yau ɗin da ban so ba.

Huɗu suka ɗaga, wuya a miƙe, ƙafa a baya,
suka bi ta kan duwatsu, wajen Vom.
Ɗaya ya tsaya, baki a ruwa,
hayaƙi na bi ta kansa, bai ɗago ba.
Bututu na zuƙar tafkin daga ƙarƙashinsa,
gaɓa na matsowa kaɗan kaɗan,
shi kuma yana dama laka,
yana dama laka.